Ƙafar Sifirin

Mai Walda yana da ƙane guda ɗaya, ɗan dako, wanda duk bakin sito ba a kiransa da komai sai Bijimi. Buhun siminti biyu yake ɗorawa a kafaɗa ya hau katakon da ake jinginawa a bayan babbar mota, yana tafe yana zagin direba don wasa. To wannan Bijimin ne sarƙar ƙofar bodi ta tsinke wata safiya yana tsaye a ƙasa, ƙofar ta faɗo ta niƙe masa ƙwauri. Masu magana sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Likita bai san da wannan zance ba. Ya yanke ƙafar hagu ƙasa da gwiwa, ya bar masa dungulmi kamar tsawon tafin hannu.

"Ku lallaɓa gwiwar nan," in ji likitan ranar sallama. "Mai gwiwa da marar gwiwa ba tafiyarsu ɗaya ba."

Bijimi ya koma gida, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, shi da matarsa da 'ya'ya mata ƙanana. Mutumin da da ba ya zama sai barci ya kayar da shi, yanzu ya wuni a kan tabarma fuskarsa na kallon bango. Takalminsa na hagu yana nan bayan ƙofa, matar ta kasa jefarwa, ta kasa bayarwa.

Mai sito ya zo dubiya. Mutum ne mai son ya bar wuri da magana mai daɗi, don haka da ya tashi tafiya sai ya ce, "Bijimi, wurinka na nan. Ranar da motocin taki suka fara isowa, in ka hau mini katako da buhu ka sauko, kai ne kai."

Shi ya faɗa ne don ya samu hanyar fita. Bijimi kuwa ya kama maganar nan da hannu biyu.

Asibiti sun ba shi ƙafar roba, sandararriya kamar taɓarya. A daɓe tana tafiya. Amma da Mai Walda ya jingina masa katako a jikin bencin shago don gwaji, sai abin ya ƙi. Katako a karkace yake, ƙafar kuwa ba ta san lanƙwasa ba. In ya ɗora ta, diddige ne kaɗai ke taɓawa, sai ta tura shi baya.

"Yaya, wannan ta mai gadi ce," in ji Bijimi, ya kwance ta ya wurga ƙarƙashin benci. "A zauna a bakin ƙofa a miƙe ta a rana."

A bayan asibitin akwai wani ɗakin aiki inda wani injiniya yake gwajin ƙera sababbin ƙafafu. Mai Walda ya san shi, don shi ya yi masa ƙofa da kantocin ƙarfe. Gajere ne mai gilashi, ba shi da girman kai, sai dai in ya fara bayani shayinka sai ya huce. Can Mai Walda ya kai ƙanensa. Injiniya ya naɗe dungulmin da farin siminti irin na ɗori, ya bari ya bushe, ya zare zubin ya ajiye a kanta. Sannan ya ɗauko samfurin abin da yake ƙerawa: wani baƙin abu mai lanƙwasa kamar lauje, marar nauyi. Ya kafa shi a ƙasa ya danna da duk ƙarfinsa. Abin ya rusuna, ya saki, ya dawo yadda yake.

"Da wannan za ka hau katako," in ji shi. "Ba ƙarfe ba ne. Wani irin ƙyalle ne ake jerawa bisa juna, a jiƙa da danƙo, a gasa. Sai dai kayan sun ƙare mana, muna jiran su iso."

"Yaushe?" in ji Bijimi.

"In na sa maka rana na yi ƙarya. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri ai shi nake ci safe da yamma, har ya fara fito mini a fuska."

Mai Walda ya karɓi samfurin yana juyawa, ya danna, ya saki. A ransa ya ce, wannan ai sifirin ne aka yi wa baƙin fenti. Abin da yake kwance ƙarƙashin kowace mota, shi ake jira daga wata uwa duniya?

Washegari ya tafi inda ake yanka tsofaffin motoci. Akwai sababbin sifirin a shagunan kayan gyara, amma ko kallonsu bai yi ba. A sana'arsu, daga mai walda har bakanike, ba wanda yake yarda da sabon ƙarfe. Sabo ba a san halinsa ba. Tsoho kuwa ya yi aiki an gani. Ya wuce kai tsaye wurin gawar wata tifa da ya sani tun yana koyon aiki, wadda ta yi jigilar tsakuwa har direbobinta suka tsufa suka bar ta. Ya kwance falle ɗaya daga sifirin ɗin baya, ya rataye shi da waya, ya buga masa guduma. Ƙarfen ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa.

"Da tsohuwar zuma ake magani," ya ce wa mai wurin. "Wanda ya ɗauki tsakuwa shekara da shekaru, mutum ɗaya da buhu zai gagare shi?"

Ya bar aikin mutane ya koma kan wannan. Ya yanka, ya rage kauri da injin gurza, ya lanƙwasa, ya huda. Ya cire kwaroron da dungulmi ke shiga daga ƙafar asibiti, ya ɗaure shi a kan sifirin da noti. Ya yanko tayar mota ya yi tafin ƙafa. Hannunsa duk ƙuna, idonsa ja, amma abin ya fito.

Ranar da Bijimi ya ɗaura ta, sai da ya dafa bango tukuna. Ya taka. Ƙafar ta rusuna ta miƙo shi. Ya sake takawa. Ya saki bango, ya je bakin titi ya dawo, ya hau katakon nan har saman benci, ya tsaya can yana haki. Sai ya fashe da dariya, irin wadda tun ranar sarƙa ba a ji ba.

"Yaya, ashe ni tifa ne ban sani ba."

"Sauko kar ka karya mini benci, jaki."

"A sa mini lamba a baya, a ɗaura mini oda."

"Ba ni ita. Sai na kai wa Injiniya ya ga yadda ake aiki."

Alfahari ne ya kai Mai Walda, ba shakkar aikinsa ba. Ya naɗe ta a buhu ya shiga ɗakin aikin ya dire ta a kan tebur. Injiniya ya gyara gilashi, ya juya ta, ya danna, ya auna lanƙwasar da samfurinsa.

"Malam, hannunka yana da kyau," ya ce. "Da ido kawai ka fitar da wannan? Ina ka samo ƙarfen?"

Mai Walda ya ba shi labarin tifa, har da shekarun da ta yi tana ɗaukar tsakuwa. Yana faɗa yana ƙarawa. Bai lura ba fuskar Injiniya tana sauyawa.

Injiniya ya buɗe durowa ya fito da wani akwati kamar ƙaramin rediyo, mai gilashi a gaba da waya mai kai kamar murfin kwalba. Ya ce shi da abokan aikinsa suka haɗa shi tun suna gyaran jiragen ƙasa, don duba ƙafafun tarago. Ya kankare ƙarfen, ya shafa masa mai, ya ɗora kan wayar yana ja a hankali. Wani koren layi yana kwance a gilashin.

"Kamar gudumarka ce," in ji shi. "Tana aika amo cikin ƙarfe ta saurari dawowarsa. Sai dai kunnenta yana jin abin da namu ba ya ji."

Layin ya yi tsalle. Injiniya ya ɗauki alli ya yi alama. Ya ja gaba kaɗan, layin ya sake tsalle. Wata alamar. Kafin ya gama, gindin lanƙwasar nan, inda nauyin mutum yake sauka, ya cika da zanen alli.

"Me rediyon naka yake cewa?"

"Yana cewa ƙarfen ya gaji."

Mai Walda ya yi tsaki. "Ƙarfe yana tsatsa, ƙarfe yana karyewa. Ban taɓa jin ya gaji ba. Jaki ne?"

Injiniya ya ɗauki guntun waya a tebur, ya lanƙwasa ta gaba, ya mayar baya, gaba, baya. Bai ja ba, bai yi ƙarfi ba. Can sai ta rabu biyu a hannunsa.

"Lanƙwasar ƙarshe ba ta fi ta farko ƙarfi ba," ya ce. "Na baya ne suka ci ta. Duk ramin da tifar nan ta faɗa, duk lodin da ta ɗauka, daga ran ƙarfen nan aka cira. Kai ka ɗauka shekarun shaida ne. Shekarun su ne ciwon. Akwai tsaga a ciki, siraran da ido ba ya gani, kuma kowane taku zai ƙara buɗe su. Sarƙar da ta tsinke a kan ƙanenka ma haka ta yi, na tabbata ranar lafiya lau aka gan ta."

Mai Walda ya zaro gudumarsa daga aljihu, ya ɗaga ƙafar da yatsa biyu, ya buga. Amo ya cika ɗakin.

"Ka ji? Rediyon gulma ne kawai gare ka."

"Na ji. Kar ka ba shi, Malam. Kuma don Allah kar ka ce za ka ɗinke da walda. Wuta tana kashe sifirin. Inda ka ɗinke zai sandare, gefensa ya karye kamar kwalba."

Mai Walda ya fito yana gunaguni, amma maganar ta bi shi har shago. Ya tura ƙafar can ƙarƙashin benci, ya rufe da tsofaffin kwanon rufi. Ya ce wa Bijimi akwai sauran gyara.

Sai hadari ya fara haɗuwa, motocin taki suka fara wucewa ta gaban shagon, suna nishi da lodi, sun nufi sito.

Matar Bijimi ce ta fara zuwa. Ta tsaya nesa da tartsatsi har ya kashe inji.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yawwa. Ya mai jikin?"

"Jiki ya warke. Tun da ya ji ƙarar motocin nan bai sa komai a bakinsa ba. Jiya ƙaramar ta hau cinyarsa, ya ture ta. Bai taɓa yi ba." Ta gyara mayafi. "Ni ban san ƙarfe ba. Na dai san ranar da ya dawo daga nan yana dariya. In akwai abin da ya rage, a yi masa."

Ta tafi. Da la'asar sai ga Bijimi da kansa a kan sanduna, ya jiƙe da gumi. Ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Ina ƙafata?"

Mai Walda ya gaya masa gaskiya, duk da rediyon da allin da guntun waya. Bijimi ya saurara har ƙarshe.

"Ta tsage, ke nan."

"Haka ya ce."

"Yaya, tun ina yaro nake zama a shagon nan. Gatari ya tsage, ka ɗinke. Kujera, ka ɗinke. Shasin mota sukutum an kawo maka a rabe, ka ɗinke, tana kan titi har yau. Ban taɓa ganin ƙarfen da ya tsage ka ce wa mai shi ya je ya yi haƙuri ba. Sai nawa?"

"Ya ce wuta tana kashe shi."

"Shi ya taɓa riƙe sandar walda? An ce mini mai sito ya fara gwada wani sabon ɗan dako. In ya zauna, shi ke nan. Ƙafar Injiniya ta zo ta same ni ina me? Ina tallan ashana?"

"Gara ashana da kabari."

"Kai kake da ƙafa biyu, kai za ka faɗi haka."

Ya ɗauki sandunansa ya tafi, bai yi sallama ba. Mai Walda ya bi bayansa da kallo, wandon nan na hagu a naɗe an soke da fil, yana lilo.

Da safe ya janye kwanon rufin. Allin yana nan bai goge ba. Ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya sani a duniya guda ne: inda ya tsage, a cike. Da Injiniya bai yi alamar ba ma, da bai san inda zai sa wuta ba. Ya ja abin kare ido ya rufe fuska, ya bi allin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke su da ɗinki mafi kyau da ya taɓa yi. Ya gurje har ya yi sumul. Ya shafa baƙin fenti, don aikin da ba fenti ba a gama shi ba.

Da ya bushe ya rataye ya buga guduma. Ya yi amo. Amon ya ɗan gajarta, kunnensa ya ji sarai. Ya ce wa kansa fentin ne.

Bijimi ya je sito, ya ɗauki buhun taki, ya hau katako ya sauko. 'Yan dako suka yi ta tafi, direbobi suna danna oda. Mai sito, da maganarsa ta kama shi, ya ce to, a ci gaba. Aka sauya masa suna zuwa Tifa. Kullum in an tashi sai ya biyo ta shago, ya miƙe ƙafar a kan benci.

"Bakanike, a duba mini iska."

Mai Walda ya buga guduma, ya saurara, ya matse noti. Lafiya. Gobe ma lafiya. Abinci ya dawo gidan, ƙaramar ta koma hawa cinya. Har Mai Walda ya fara ba abokan sana'a labarin rediyon gulma suna dariya. Amma ya daina bi ta bayan asibiti, sai ya zagaya ta doguwar hanya.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Rana tsaka ce, yana yi wa wani gyaran ƙyauren taga, sai ga ɗaya daga cikin 'yan dakon a kan babur ko hula babu.

"Mai Walda, taso."

Bai tambaya ba. Ya kashe inji.

Kafin ya isa an wuce da Bijimi asibiti. Suka nuna masa wurin. Bijimi yana saman katako da buhu a kafaɗa, saura taku ɗaya ya shiga bodi, sai aka ji ƙas, ba ma da ƙarfi ba. Ya tafi ta gefen hagu. Gwiwar ta sauka a kan bakin ƙarfen bodi, buhun ya bi ta kai.

Rabin ƙafar yana nan a ƙasa, da tafin tayar a jiki. Mai Walda ya ɗauka. Ɗinkinsa bai motsa ba, yana nan daram. Dab da shi ne ƙarfen ya rabu. Ya juya bakin karayar ga rana. Kusan duk faɗinsa baƙi ne, sumul, da layi-layi kamar bakin rafi bayan ruwa ya janye. Can gefe kaɗai akwai ɗan wuri fari mai kaushi, bai kai farce ba. A kan wannan ɗan farin ƙanensa yake hawa da sauka, shi kuma yana buga guduma yana cewa lafiya.

Likitan nan ne dai. Bai yi faɗa ba. Ya ce gwiwar ta zama gari, ba abin da za a haɗa. Suka yanke a tsakiyar cinya.

Bijimi yana kwance a asibiti Injiniya ya aiko a kira Mai Walda. Ya je, don ba shi da bakin ƙi. Injiniya ya riga ya ji labari. Bai ce na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi sauƙi. Ya dai sauko da wani kwali daga kantar da Mai Walda ya ƙera da hannunsa.

"Kayan sun iso. Tasa muka fara yi, kafin labarin ya zo."

Baƙa ce, mai sheƙi, ba ta kai nauyin guduma ba. A samanta kwaroro, an zuba shi daidai da dungulmin da aka auna, har da ɗan lotsawar inda ƙashi ya turo.

"Ba za a iya ƙara mata tsawo ba?" in ji Mai Walda. "In ƙarfe ne a tsakani, ni sai in..."

Ya katse maganar da kansa.

"Wannan ta mai gwiwa ce," in ji Injiniya. "Ta cinya sai da gaɓa, mu kuwa ba mu kai nan ba tukuna. Ko an samu, ta tafiya ce a hankali. Ba ta katako ba."

Mai Walda ya roƙa a ba shi aronta, ya kai ɗakin marasa lafiya. Bijimi ya rame, kafaɗun nan sun zube. Matarsa tana zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Mai Walda ya ajiye kwalin a gefen gado, a wurin da ƙafa za ta kasance.

Bijimi ya ciro ta. Ya kafa ta a kan ƙarfen gadon ya danna. Ta rusuna. Ya saki, ta dawo. Ya zura hannu cikin kwaroron yana shafa cikinsa.

"Tawa ce?"

"Taka ce."

"Ta yi kyau." Ya mayar da ita kwali, ya rufe da kansa. "A cire saman a ba wani ƙasan."

"Ni ne na..."

"Yaya, bari. Ni na zo na zauna a kan taya." Ya juya fuska ga bango. "In za ka dawo, taho wa yaran da wani abu. Sun ƙi zuwa kusa da gadon."

Matar ba ta ɗago ba, ba ta daina fifita ba. Da Mai Walda ya yi sallama, ba ta amsa ba.

Ya mayar wa Injiniya kwalinsa, ya koma shago. Rabin ƙafar sifirin yana kan benci inda ya ajiye. Ƙyauren tagar mutane yana jiransa. Ya zauna bai kunna inji ba.

Can sai ga wani mai turin baro ya tsaya a bakin shagon, ya kifa baron, ya nuna masa gindin hannu inda wata siririyar tsaga ta bi ƙarfen.

"Tsoho ne, amma ya fi na yanzu ƙwari," in ji mutumin. "Da shi nake ci da iyali. Za a iya ɗinkewa?"

Mai Walda ya sa babban yatsa a kan tsagar, ya bi ta har inda ta ɓace a ƙarƙashin fenti. Inda ta ƙare a ciki, bai sani ba. Mutumin yana tsaye yana jira, lodinsa yana can bakin kasuwa.

"Za a iya," in ji shi.

Ya ja abin kare ido ya rufe fuska.